Bugun ƙa'ida da bugun da-ka: ina ainihin ribar take ga mai aiki da kwamfuta?

A shagona da ke Birnin Kebbi, idan lokacin kammala furojet ya zo wa ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ba ka jin komai sai ƙarar madannai da ta janareta. Mutum biyu ke yi mini aikin buga rubutu. Ɗaya saurayi ne wanda bai taɓa zama ajin koyon taifin ba. A kafe, wato shagon intanet, ya buɗe ido, wajen wasannin kwamfuta da hira da abokai, har hannunsa ya faɗa. Da yatsu shida yake aiki, kuma idan ya kama bugu sai ka ce ruwan ƙanƙara ne ke zuba a kan kwano. Ɗayar kuwa budurwa ce da ta yi difloma a fannin aikin ofis, inda aka zaunar da ita aka nuna wa kowane yatsa gidansa. Ita bugunta ba shi da hayaniya, tafin hannunta ma da ƙyar yake motsi.

Na sha gwada su. In na sa musu rubutun da ke kan fuskar kwamfuta su kwafa na minti ɗaya, kusan kunnen doki suke yi, wani lokaci ma shi ke gaba. Amma in ɗalibi ya kawo shafi sittin na rubutun hannu, mai goge-goge da kibiyoyi da ƙarin bayani a gefen takarda, ita takan gama ta miƙe ta yi sallar la'asar, shi yana nan yana neman layin da ya tsaya. Wannan bambanci ne ya daɗe yana yi mini yawo a rai, domin ya saɓa wa abin da aka koya mana, ya kuma saɓa wa abin da samarin yanzu ke faɗa. Mu an ce mana wanda bai yi ƙa'ida ba ba zai taɓa yin sauri ba. Su kuma suna cewa ƙa'ida ɓata lokaci ce, ta tafi tare da tafireta. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Abin da nake kira bugun ƙa'ida shi ne wanda ake ajiye yatsun hagu huɗu a kan A, S, D, F, na dama huɗu a kan J, K, L da madannin da ke biye, manyan yatsu kuma su tsaya a kan dogon madannin ba da tazara. Kowane yatsa yana da haruffan da aka raba masa a sama da ƙasa, in ya je ya buga sai ya komo gida. Ka shafa F da J a kowace kwamfuta, za ka ji ɗan tudu kamar ƙwayar gero. An yi shi ne don manuniya ta gane gidanta ba tare da ido ya sauko ba. Bugun da-ka kuwa, wanda mutum ke koya da kansa, ba shi da fasali ɗaya. Akwai mai yatsu biyu da ke tsintar haruffa kamar kaza da tsaba, akwai kuma irin yaron shagona da ya ƙera wa kansa hanya. Haɗa waɗannan biyun a kwando ɗaya shi ne kuskuren farko da ake yi a wannan muhawara.

Ita ma ƙa'idar daga da-ka ta fito. Jerin haruffan da muke gani, wanda ya fara da QWERTY, ya samo asali ne daga na'urar da Christopher Latham Sholes ya ƙera a Amurka, wadda kamfanin Remington ya fitar kasuwa a 1874. A farkon zamanin, da yatsu biyu ko huɗu ake bugawa, ana kallo. Wani magatakardan kotu mai suna Frank McGurrin ya koya wa kansa bugu da dukkan yatsu, ya haddace wuraren haruffa har ya daina dubawa. Ranar 25 ga Yuli, 1888, ya kara da wani mai suna Louis Traub a birnin Cincinnati, ya cinye gasar da kyautar dala 500, jaridu suka yayata labarin. Daga nan makarantun koyon aikin ofis suka rungumi hanyar, ta bi Turawan mulki ta iso har ofisoshin En'e da sakatariyoyinmu.

A zamanin tafireta tsananin ƙa'ida yana da dalili. Madannan suna da nauyi, sai an raba aikin tsakanin yatsu kafin a kai yamma. Kuskure kuma yana da tsada. Wanda ya taɓa yanka sitansil na tambayoyin jarrabawa, ko ya jera takarda uku da kabon a tsakani, ya san harafi ɗaya na iya sa a sake shafi guda tun daga sama. Malamar da ta koya mana tana ɗora mana kwali a kan hannu, ta tsaya a baya, in ta ga kai ya sunkuya sai ta ƙwanƙwasa tebur ta ce, "Ido ga takarda!" Yau madannai sun yi laushi, gogewa kuma danna ɗaya ce. Saboda haka tambayar samari tana kan hanya: in dalilan sun gushe, me ya rage?

Masu bincike sun bi wannan tambaya da awo. A 2016, wasu masana a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland suka tara mutum 30, suka manna musu 'yan alamomi a gaɓoɓin yatsu, kyamarori suna ɗaukar kowane motsi. Sakamakon ya ba malaman taifin mamaki: waɗanda suka koya da kansu, da yatsu wajen shida, suna iya kamo waɗanda suka yi kwas. Ba yawan yatsu ne ke kawo sauri ba. Abu uku suka gano masu sauri sun yi tarayya a kai, ko da ƙa'ida ko babu: kowane harafi yatsa ɗaya ne ke buga shi kullum, yatsa na gaba yana kama hanyar harafinsa tun na farko bai gama ba, kuma hannu yana zaune wuri ɗaya, ba ya yawo a kan madannai. Bayan shekara biyu, masanan Aalto da na Jami'ar Kambirij ta Ingila suka faɗaɗa aikin ta intanet, mutum 168,000 suka shiga, aka tattara danni miliyan 136. Matsakaicin sauri ya kama kalma 52 a minti, inda ake lissafin kowane danni biyar a matsayin kalma ɗaya. Tazarar da ke tsakanin waɗanda suka ce sun yi horo da waɗanda ba su yi ba kusan kalma 5 ce kawai.

Wanda ya tsaya nan zai ce shi ke nan, magana ta ƙare, a rufe ajin taifin. Amma a cikin binciken farko akwai abin da ba a cika ambata ba: masu bugun da-ka suna kallon hannunsu kusan ninki biyu na yadda masu ƙa'ida ke yi. A shekarar 2016 ɗin dai, a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, Gordon Logan da abokan aikinsa suka auna masu ƙa'ida a kalma 80 a minti, marasa ƙa'ida a 72, wato kusa da kusa. Da aka ɓoye musu haruffan, sai marasa ƙa'idar suka yi ƙasa, kurakuransu suka ƙaru, masu ƙa'ida kuwa suka ci gaba da harkarsu.

To, a nan ne na gane abin da ke faruwa a shagona. Ribar ƙa'ida ba a yatsu take ba, a ido take.

Ka lura da mai kwafar rubutun hannu. Idan yana buƙatar kallon madannai, wuri uku idonsa ke zagayawa: takarda, madannai, fuskar kwamfuta. Zai karanta kalma biyar ko shida, ya riƙe su a ka, ya sunkuya ya buga, ya ɗago ya duba ko daidai ne, sannan ya koma takarda neman inda ya tsaya. Kowane zagaye daƙiƙa biyu ko uku ne, amma a shafi sittin sau dubbai ake yin sa. A nan ake tsallake layi, musamman in layi biyu sun fara da kalma iri ɗaya. A nan ne kuma harafi ke faɗuwa ba a gani ba, domin a lokacin da kuskuren ya bayyana a sama, ido yana ƙasa. Ita budurwar idonta na kan takarda, takan ɗan saci kallon fuskar kwamfuta jefi-jefi, kuma in yatsa ya zame tana ji a jikinta tun kafin ta gani. Na taɓa ganin ta tana amsa tambayar wani ɗalibi, tana kallonsa, hannunta na ƙarasa jimlar da ta riga ta karanta.

Kada a ɗauki harafi ɗaya ƙaramin abu. Wata dattijuwa 'yar unguwarmu ta zo mini da takardu biyu na jikanta, a ɗaya an rubuta Abubakar, a ɗayar Abubkar. Wani ma'aikaci ne a wani wurin rajista ya ci harafi, kansa na sunkuye. Ta yi wata biyu tana sintiri, ta kashe kuɗin mota da na rantsuwar kotu kafin a gyara. Da ta zauna a bencin shago tana jiran in buga mata takardar neman gyara, ta ce, "Ɗana, wanga abu ƙanƙane haka shi ka wahal da mutum?" Na rasa amsar da zan ba ta. Yanzu da kusan komai, daga katin ɗan ƙasa zuwa asusun banki zuwa sakamakon jarrabawa, sai an shigar da suna a kwamfuta, mai bugun da idonsa ke kan abin da yake fitowa amana yake tsarewa.

Akwai kuma abin da masu ɗauko waɗancan alƙaluma su kawo nan ke mantawa. Mutanen da aka auna, galibinsu sun tashi da kwamfuta a ɗaki. Saurin mai da-ka ba daga sama ya faɗo ba, sa'o'i dubbai ne na zama gaban madannai suka haife shi. Yaron shagona ya samu wannan dama ne don yayansa na da kafe. Yara nawa ne a Jega, ko Kamba, ko Zuru ke da irin wannan gata? Yawancinsu sau ɗaya ko biyu a mako suke taɓa kwamfuta, in an yi sa'a akwai wuta ko man janareta. Abin da suka tashi da shi waya ce, kuma a nan gwanaye ne. Wani bincike na 2019 a kan mutum 37,000 ya nuna masu buga waya da manyan yatsu biyu na kai kalma 38 a minti. Sai dai wannan gwaninta ba ta ƙetarawa zuwa madannan kwamfuta. Za ka ga yarinya mai walƙiya a WhatsApp, a zaunar da ita gaban laftof ta koma neman harafin R da yatsa ɗaya. Ga wanda sa'o'insa a gaban na'ura ƙidayayyu ne, ƙa'ida ita ce gajeriyar hanya. Tana ba shi tun ranar farko abubuwa ukun nan da mai da-ka ke shafe shekaru kafin ya yi tuntuɓe da su, in ma ya yi. Da yawa ba sa yi, sukan tsaya a kalma ashirin da 'yan kai har su yi ritaya. Rubutu mai kalma 10,000, a kalma 25 a minti, sa'a shida da minti arba'in ne. A 50 kuwa sa'a uku da minti ashirin. Mai shagon da ke sayen fetur ya san abin da sauran sa'o'i ukun ke nufi.

Yanayinmu ma yana fifita wanda ba ya kallo. A ɗauke wuta da dare, laftof ta koma kan batir, madannai su shiga duhu: mai kallo sai ya nemi tocilar waya ya saƙale a baki ko a kafaɗa. Madannan shagunan kwamfuta kuma duk sun goge, A da E da N sun zama baƙaƙe fes. Ga kuma laftof 'yan Kwatano. Mu da muke iyaka da Nijar da Benin mun saba ganin masu jerin Faransanci, wanda ya fara da AZERTY, inda A ke zaune a gurbin Q, M kuma ta hau layin tsakiya. Mai ƙa'ida zai shiga saiti ya mayar da jerin da ya saba, ya yi watsi da abin da aka zana a kan madannan. Mai kallo kuwa idonsa na faɗa masa abu ɗaya, kwamfuta na fitar da wani.

Yadda ilimin ke zama a hannu abin sha'awa ne. A 2013 masanan Vanderbilt suka ba ƙwararrun masu bugu 100 takarda mai zanen madannai babu haruffa, suka ce su cike cikin daƙiƙa 80. A matsakaici haruffa 15 kawai suka sa daidai daga cikin 26. Yatsunsu sun san abin da bakinsu ba zai iya faɗa ba. Haka direban Birnin Kebbi zuwa Sakkwato yake da giya: ba ya dubawa, ba ya ma tunaninta, hankalinsa na kan rami da awaki da babbar motar da ke tahowa. Wannan ce riba ta biyu, wadda ba a auna ta da agogo. Mai rubuta nasa tunanin, ɗan jarida ne ko malami mai shirya lacca ko sakataren da ke ɗaukar bayanin taro, in rabin hankalinsa na wajen neman harafi, jimlar da ta zo masa takan tsere kafin ya kama ta.

Amma ba zan ɓoye aibin ƙa'ida ba, musamman ga mai rubuta Hausa. An raba wa yatsu aiki ne da Ingilishi a zuciya. A Hausa babu harafin da ya kai A yawa. Ka ƙirga a "Baba ya tafi kasuwa": haruffa 16 ne, 6 daga ciki A ne. Ina A take a ƙa'ida? Ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, mafi rauni a duka goman. Sannan da, ba, ta, sa, wa, ga, duk hannun hagu ne kaɗai ke buga su. Kalmomi irin su gafara, tafasa, tsada, tsafta, daga farko har ƙarshe dama na zaune tana kallo. Mafi wuya ita ce za, wadda kusan kowane zance na abin da ke tafe ke buƙata: Z da A duka na wannan ƙaramin yatsa ne, sai ya sauka ya hau. P, Q, V da X kuwa sun tare wuri ba su da aikin yi a Hausa sai a baƙin suna, alhali ƙ, ɗ, ɓ ba su da gurbi ko ɗaya. Sai mutum ya kunna tsarin Hausa da ke cikin Windows ko ya sa manhaja irin Keyman, ya koyi haɗa madannai biyu. Da yawa kan gaji su bar ƙugiyar, ƙasa da kasa su zama ɗaya, ɗaki ya koma daki. Manhajojin koyo kuma, tun daga Mavis Beacon da ta yi tashe a shagunanmu har zuwa TypingClub da keybr na intanet, ba da Hausa aka gina darussansu ba.

Saboda haka ni ba na tsananta wa ɗalibaina a kan kowane yatsa. Wanda ya ga buga Z da yatsan zobe ya fi masa daɗi, na bar shi, da sharaɗi ɗaya: ya tsaya a kan haka kullum, kada yau wannan yatsa gobe wancan. Kuma ina ba su shafin jaridar Hausa su kwafa tun mako na uku, da ƙugiyoyinsa cif, don ƙaramin yatsan ya yi ƙarfi a kan aikin da zai riƙa yi.

Wa ya kamata ya koya, wa kuma zai iya haƙura? Iyaye kan kawo mini yara gab da jarrabawar JAMB su ce a koya musu taifin. Tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya, gaskiya ne, amma zaɓen amsa ake yi da linzami ko 'yan madannai kaɗan. Abin da yaron ke buƙata a mako biyun nan shi ne ya saba da na'urar, tsoro ya fita. Taifin na bayan shiga makaranta ne, kuma gara a fara shi tun ƙaramar sakandare, lokacin da hannu bai riga ya kafe a kan wata ɗabi'a ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan kasuwar da ke buga saƙo uku a rana ba shi da buƙata. Wanda ya riga ya kai kalma sittin da hanyarsa, kuma in an rufe masa hannu ba ya rikicewa, to ya riga ya isa inda ƙa'ida ke son kai mutum, kada wani ya raina masa hanya. Amma duk wanda abincinsa ke fitowa daga madannai, kuma har yanzu kansa na sunkuye, asara yake yi kullum ba ya gani.

Sauya hannu yana da zafi, kada a yaudari kowa. Makonnin farko saurinka zai faɗi ƙasa da rabin wanda ka saba, hannu zai riƙa komawa tsohuwar hanya da zarar aiki ya matsa. A nan mafi yawa ke sarewa. Minti ashirin kullum ya fi sa'a uku ranar Asabar. A fara da neman daidai, saurin zai biyo baya da kansa. Wanda ba shi da kwamfuta ya sayi tsohon kibod a wajen masu gyara, ko da matacce ne, ko ya zana madannai a kan kwali. Mun yi haka a da, kuma ya yi aiki.

Da na kawo wa yaron shagona wannan magana bara, ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, ni da nake wuce ta a gwaji, mi za ni koya kuma?" Ban ce masa ya sauya yatsunsa ba. Na ɗauko hankici na yafa a kan hannunsa, na ajiye masa shafi ɗaya na rubutun hannu. Layi uku ya yi ya tsaya, ya yi shiru. Muka gano madannai biyar ne kawai ke sa shi leƙe, B da Y da wasu lambobi na sama su ne manya, domin wani lokaci hagu ke kai musu, wani lokaci dama. Muka yanke wa kowanne yatsa ɗaya. Kullum da safe kafin kwastomomi su fara zuwa, yakan yi minti goma sha biyar da hankicin a hannu. Wata na farko ya yi ta ƙorafi. Har yau da yatsu shida yake bugu, ƙarar ruwan ƙanƙarar ma tana nan, amma furojet ɗin bana da aka raba musu biyu-biyu, tare suka tashi sallar la'asar.